Daga “weird” zuwa “erratic”: sunayen da Turanci ke laƙaba wa mai baƙon hali, da hukuncin da ke cikinsu

Ta yaya kalma guda, wadda ba ashar ba ce, ba kuma zargin sata ko cin amanar ƙasa ba, za ta hana manyan 'yan siyasar Amurka sakat har tsawon makonni? Abin da ya faru ke nan a 2024. Ranar 23 ga Yuli, gwamnan jihar Minnesota, Tim Walz, ya shiga wani shirin safe na tashar MSNBC, ya ce mutanen ɓangaren Donald Trump da abokin takararsa JD Vance “weird” ne kawai. Kafin mako ya zagayo kalmar ta cika bakin 'yan jam'iyyar Democrat, kuma ranar 6 ga Agusta Kamala Harris ta ɗauki Walz ya zama abokin takararta. Trump, wanda aka sha jifa da kalmomin da suka fi wannan muni ko gezau bai yi ba, sai da ya fito ya kare kansa. Ya ce duk abin da za a ce da shi a ce, amma ban da wannan, su masu faɗin ne ma “weird” ɗin.

Bahaushen da ya buɗe ƙamus don ya gano inda zafin yake zai dawo hannu rabbana. Ƙamus zai ce masa ma'anarta abin da ba a saba gani ba, sannan ya jero masa 'yan'uwanta: “strange”, “odd”, “peculiar”, “bizarre”, “eccentric”, “quirky”. In ya leƙa kowacce, a sake turo shi wurin sauran. Daga nan da yawanmu muka ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, wadda ka ɗauka ta yi. Alhali kowace ɗaya abu biyu take ɗauke da shi: bayanin halin mutum, da hukuncin da mai magana ya yanke masa. Sau da yawa ma hukuncin ya fi bayanin nauyi.

Gida biyu ne

Akwai rabon da in aka riƙe shi, rabin ruɗanin ya kau. Wasu kalmomin suna magana ne kan mutumin da ya bambanta da sauran jama'a. Wasu kuma kan mutumin da ya bambanta da kansa, wanda halinsa na yau ba shi ne na gobe ba.

A ɗauki malamai biyu a makaranta ɗaya. Na farko kullum da laima yake zuwa aji, damina da rani da hunturu, ba ya cin abinci sai a tsaye, kuma tun da aka san shi haka yake. Wannan shi ne Bature zai kira “eccentric” ko “odd”. Halinsa baƙo ne, amma kowa ya san abin da zai yi gobe. Na biyu shigarsa irin ta kowa ce, sai dai yau ya zo ƙarfe bakwai, gobe sha ɗaya, jibi ba a gan shi ba. Yau ya yafe babban laifi, gobe ya kori yaro daga aji don ya yi tari. Wannan “erratic” ne, ko “unpredictable”. Da na farko ana zama lafiya, tsofaffin ɗalibai su riƙa ba da labarinsa suna dariya. Na biyu shi ne ke hana shugaban makaranta barci.

Ɗaliban da ke shirin WAEC da JAMB suna da hanyar gwaji mai sauƙi a tambayoyin nan na kishiyar ma'ana. Kishiyar “eccentric” ita ce “conventional”, mai bin abin da aka saba. Kishiyar “erratic” kuwa “consistent” ce ko “steady”, mai tsayawa a kan hali ɗaya. Mu ma a Hausa ba ma haɗa bauɗaɗɗe da wanda ba a gane gabansa balle bayansa.

Masu ƙarancin dafi

“Strange” ta shigo Turanci ta Faransanci, daga wata kalmar Latin mai nufin na waje. Tushenta ɗaya da “stranger”, baƙo, don haka “baƙon abu” ta zauna mata daram. Ita ce ta fi sauran ƙarancin hukunci, domin mai faɗinta yana iya nufin shi ne dai bai saba ba. “Outlandish” ma asalinta abin da ya zo daga wata ƙasa, amma yau ta koma kan abin da ya wuce gona da iri, tufafi ne ko iƙirari. “Bizarre” ta fi su duka ƙarfi, kuma ta fi zama a kan al'amari ko aiki fiye da mutum: hukuncin kotu da ya ɗaure wa kowa kai, ko kisan da aka rasa dalilinsa.

“Odd” kuwa daga harshen mutanen arewacin Turai na da ta zo, inda take nufin kusurwa ko na ukun da ya yi saura bayan biyu sun yi daidai. Shi ya sa ake kiran 3 da 5 da 7 “odd numbers”, kuma “forty-odd” ke nufin arba'in da ɗoriya. In aka ce mutum “odd” ne, ana nufin bai shiga sahu ba, banbarakwai wai namiji da suna Hajara. Ba yabo ba ne, amma ba ta kai a yi faɗa a kanta ba.

Wadda ta fi rikita 'yan Najeriya ita ce “peculiar”, domin fuska biyu gare ta. A Latin tana da alaƙa da dukiyar da mutum ya keɓanta da ita, kuma can ƙasa tushenta shanu ne, kamar yadda makiyayi a wajenmu in ya ce dukiya garkensa yake nufi. Wannan tsohuwar ma'ana ta keɓantuwa tana nan da ranta: “peculiar to” na nufin abin da wani wuri ko wasu mutane suka keɓanta da shi. Alawus ɗin nan na kashi 40 cikin ɗari da gwamnatin tarayya ta fara biyan ma'aikatanta a 2023 da sunan “peculiar allowance” ba alawus ne mai ban al'ajabi ba, na musamman ne ga wani rukuni. Amma in aka ce “a peculiar man”, an koma ɗaya fuskar, mutumin da ke da wani abu da ba a gane ba. Ɗan siyasar Ibadan na shekarun 1950, Adegoke Adelabu, ya yi amfani da “peculiar mess” wajen siffanta wani yamutsi, mutanen gari suka murɗa ta ta koma “penkelemesi”, har ta zama laƙabinsa.

Inda zafin “weird” yake

A tsohon Turanci “wyrd” suna ce, ma'anarta ƙaddara. Ta kusa ɓacewa a Ingila, sai ta tsira a bakin mutanen Sikotilan. Wajen 1606 Shakespeare ya rubuta wasan Macbeth, wanda a cikinsa akwai wasu mata uku masu faɗin abin da zai faru, ana kiransu “weird sisters”, wato matan ƙaddara. Da yake a dandali ana nuna su a matsayin mayu masu ban tsoro, masu kallo suka ɗauka kalmar kamanninsu take siffantawa. Zuwa ƙarni na 19 ta koma nufin abin da ke sa tsigar jiki tashi, daga baya ta sauko ta zama ta yau da kullum.

Sai dai ragowar wancan tsoron bai wanke ba. Abu “strange” mamaki yake ba ka, abu “weird” kuwa sai ka ɗan ja da baya. Takwararta a Hausa tana bakin mutane, ita ce “wani iri”. In mace ta ce wa ƙawarta, “Ni fa manemin nan naki wani iri nake ganinsa,” ba ta ce ɓarawo ne ba, ba ta ce mahaukaci ne ba, ba ta kawo laifin da za a iya wanke shi daga gare shi ba, amma ta gama da shi. A makarantun Amurka yaron da aka laƙaba wa “weirdo” shi ne wanda ba a zama kusa da shi lokacin cin abinci. Walz kuwa tsohon malamin sakandare ne, ya san inda kalmar ke cizo.

Masu ganin dabarar ta yi suna cewa shekaru 'yan Democrat suka kwashe suna kiran Trump haɗari ga dimokuraɗiyya, kuma mutumin da ake cewa haɗari ne ƙara masa kwarjini ake yi. “Weird” ƙanƙantar da shi take. Bugu da ƙari, ɓangaren Trump yana tinƙaho da cewa shi ne muryar Ba'amurke gama-gari, to sai ga kalma da ke cewa ku ne ba ku yi kama da mutane ba. Masu suka kuma suka ce wannan tsokanar 'yan firamare ce, kuma abin kunya ne ga jam'iyyar da ke wa'azin a karɓi kowa da bambancinsa ta koma tana goranta wa wasu bambanci. Suka ƙara da cewa mai fama da tsadar kayan masarufi ba wannan ne a gabansa ba. Trump ya ci zaɓen da ƙuri'un wakilai 312, Harris ta samu 226. Wannan bai nuna kalmar ba ta yi zafi ba. A ganina ya nuna cewa ɓata wa abokin hamayya rai daban, jawo mai ƙuri'a daban.

Abin da zai ƙara ɗaure wa mai koyo kai shi ne, a wani bakin kalmar abin alfahari ce. Tun 2000 mutanen birnin Austin na jihar Texas ke da taken “Keep Austin Weird”, suna nufin kada manyan kamfanoni su mayar da garinsu kamar kowane gari. A 2010 kuma masana uku, Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan, suka yi wasa da kalmar, suka mayar da ita haruffan farko na siffofi biyar: 'yan Yamma, masu ilimin boko, masu masana'antu, masu arziki, masu dimokuraɗiyya. Hujjarsu ita ce kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaje-gwajen ilimin halayyar ɗan Adam a kansu sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Wato waɗanda ake auna kowa da ma'auninsu, in aka duba duniya gaba ɗaya, su ne banbarakwai.

“Eccentric”: kalmar da ke duba aljihu

Asalinta Girkanci ne, abin da ya kauce daga tsakiya, kuma masana taurari ne suka fara amfani da ita wajen siffanta kewayen da cibiyarsa ta goce. A kan mutum, ita ce ta fi kowacce mutunci a gidan farko. Ingila ma har alfahari take da irin mutanen. Henry Cavendish, wanda ya bayyana iskar haidurojin a 1766, ya kuma auna nauyin duniya a 1798, kunya ta yi masa yawa har ta kai da rubutu a takarda yake magana da matan da ke masa aiki a gida. Masanin falsafa Jeremy Bentham, da ya mutu a 1832, ya bar wasiyya a adana ƙasusuwansa, a sa musu tufafinsa, a zaunar da shi a kujera, kuma har yau yana nan zaune a University College London da kan da aka ƙera masa da kakin zuma. A 1859 wani masanin falsafar Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta cewa yawan irin waɗannan mutane a al'umma alama ce ta hazaƙa da ƙarfin zuciya, ƙarancinsu kuwa abin tsoro ne.

A lura da wani abu: Cavendish na cikin manyan attajiran Ingila na zamaninsa. Turawa da kansu suna da wata magana, cewa talaka ne ke hauka, mai kuɗi sai dai ya zama “eccentric”. Da wani lebura ne ya ce a zaunar da gawarsa a kujera, da wata kalmar aka nemo masa. “Quirky” ƙanwarta ce, ta fi ta sauƙi da fara'a, ana faɗinta ga ɗabi'ar da ke sa a so mutum, ko shagon shayi mai ado na daban. “Idiosyncratic” kuma ta masu rubutun ilimi ce, tana nufin salon da mutum ya keɓanta da shi ba tare da yabo ko zargi ba.

Ba aljihu kaɗai kalmar ke dubawa ba, har da dangantakar siyasa, kuma babu misalin da ya kai na Mu'ammar Gaddafi. A Afrilun 1986 shugaban Amurka Ronald Reagan ya kira shi mahaukacin karen Gabas ta Tsakiya, kwanaki kaɗan kafin jiragen Amurka su kai hari Tripoli. Bayan 2003, da Libya ta ajiye shirinta na manyan makamai aka fara ɗasawa da ita, siffar da ta fi yawo a jaridun Yamma ita ce “eccentric”. Da ita aka riƙa ba da labarin tantin da ya kafa a Paris a Disambar 2007, da matan da ke tsaron lafiyarsa, da jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009, inda aka ba shi minti 15 ya kwashe sama da 90. A 2011, da aka fara shirin yaƙi, jakadiyar Amurka a Majalisar, Susan Rice, ta kira shi “delusional”, wanda ya rabu da gaskiya yake rayuwa cikin ruɗu. Tanti dai shi ne tantin, mutumin shi ne mutumin. Mai karanta labaran ƙetare in ya ga siffar da ake bai wa wani shugaba ta fara sauyawa daga “eccentric” zuwa “erratic” zuwa “unhinged”, yana da kyau ya tambayi me ya sauya tsakaninsa da ƙasar masu rubutun.

Gida na biyu: wanda ba a san gobensa ba

“Erratic” daga Latin take, daga aikatau mai nufin yawo ko ɓatan hanya, tushe ɗaya da “error”. Masana duwatsu suna kiran dutsen da ƙanƙara ta ɗauko daga wani wuri ta yar a inda ba danginsa da wannan suna. Mu a nan mun fi saninta a kan wutar lantarki da ruwan damina. A kan mutum kusan kullum zargi ce, domin tana cewa ba a dogara da shi.

Zaɓen Amurka na 2008 ya nuna yadda hali ɗaya ke samun suna biyu. Ɗan takarar jam'iyyar Republican, John McCain, ya gina sunansa a kan “maverick”. Kalmar sunan mutum ce, Samuel Maverick, wani lauya mai filaye a Texas a ƙarni na 19, wanda bai riƙa yi wa shanunsa alamar mallaka ba, har duk maraƙin da aka gani ba alama ake kiransa da sunansa. Daga nan ta koma kan wanda ba ya bin garke. Ba saniyar ware ba ce, domin ita ware ta aka yi, shi kuwa “maverick” shi ya ware kansa, yana kuma taƙama da hakan. Jaridun Najeriya sun daɗe suna kiran marigayi Sanata Arthur Nzeribe da ita. To a Satumbar 2008, da tattalin arzikin Amurka ya rikice, McCain ya sanar da dakatar da kamfen ɗinsa ya koma Washington, bayan kwana biyu kuma ya bayyana a muhawarar da ya nemi a ɗage. Magoya bayansa suka ce ga “maverick” nan. Kwamitin kamfen ɗin Barack Obama ya fitar da talla yana cewa “erratic” ne a lokacin rikici. Da yake McCain na da shekara 72, wasu suka ce habaici ne ga tsufansa.

“Unpredictable” ta bambanta da ita ta wuri ɗaya mai muhimmanci: mutum na iya zaɓar ta da gangan. A lokacin yaƙin Vietnam, shugaban Amurka Richard Nixon ya so shugabannin Vietnam ta Arewa su ɗauka zai iya aikata komai, don tsoro ya kawo su teburin sulhu. Trump ma a wani jawabi na Afrilun 2016 ya ce dole Amurka ta zama ƙasar da ba a iya hasashen abin da za ta yi. Ranar 2 ga Afrilun 2025 ya sanya wa kayan ƙasashen duniya haraji, na Najeriya kashi 14 cikin ɗari, ranar 9 ga watan ya dakatar da mafi yawansa na kwana 90. Jaridar da ta rubuta “unpredictable” ta bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila dabara ce. Wadda ta rubuta “erratic” ta rufe ƙofar. Mai fassara labarin zuwa Hausa in ya mayar da su duka “ba shi da tabbas”, ya zubar da ra'ayin jaridar a hanya.

“Capricious” ta masu iko ce, wanda ke yanke hukunci yadda ya ga dama ba dalili. Ta ma shiga doka. Wata dokar Amurka ta 1946 ta bai wa kotu ikon soke matakin hukumar gwamnati in ya zama “arbitrary and capricious”. Da ita Kotun Ƙoli ta hana gwamnatin Trump, a Yunin 2020, soke shirin da ke kare matasan da aka shigo da su ƙasar suna yara ba da takardu ba. Kotun ba ta ce gwamnati ba ta da ikon sokewa ba, cewa ta yi ba ta kawo gamsasshen dalili ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. “Mercurial” tana da alaƙa da zaiba, ƙarfen nan mai gudu da ba ya kamuwa, kuma rabinta yabo ne, shi ya sa marubuta wasanni ke son laƙaba wa Jay-Jay Okocha ita. “Volatile” ta abin da ke saurin tashi ce kamar fetur, don haka ake faɗinta ga farashin dala da unguwar da rikici ke iya ɓarkewa da mai saurin fushi. “Fickle” ta masoyi ce da magoya bayan ƙwallo, masu juya baya da zarar iska ta sauya.

Bakin iyakar hauka

Akwai inda waɗannan kalmomi ke ƙarewa, wasu su fara. “Unhinged” hoton ƙyauren da ya ɓalle daga ƙarfen da ke riƙe shi ne, kusa da abin da matasa ke nufi da noti ya kwance. Ita da “deranged” da “crazy” da “lunatic” duk sun tsallaka daga hali zuwa lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma tsallakawar tana da tsada. A 1964 wata mujalla mai suna Fact ta buga cewa likitocin ƙwaƙwalwa 1,189 sun ce ɗan takarar shugabancin Amurka Barry Goldwater bai cancanci shugabanci ba. Babu ɗayansu da ya duba shi. Ya kai ƙara ya yi nasara, aka ci mujallar da mai ita tarar dala 75,000, kuma a 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana mambobinta faɗin ra'ayin likita kan mutumin da ba su duba ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan jarida ke son “erratic”: tana siffanta abin da ido ya gani, ta bar mai karatu ya ƙarasa da kansa.

“Lunatic”, wadda tushenta wata ne saboda tsohon zaton cewa hasken wata ke tayar da ciwon, an cire ta daga dokokin tarayyar Amurka a 2012. A Najeriya dokar “Lunacy” ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, ita ke aiki har zuwa farkon 2023 da aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Gidajen rediyonmu ma sun bi irin wannan hanya, daga mahaukaci zuwa mai taɓin hankali zuwa mai larurar ƙwaƙwalwa. Akwai masu cewa wannan gyaran baki ne kawai, tunda “crazy” a bakin matasa tana iya nufin abu ya yi daɗi ko ya yi yawa. Gaskiya ne a hira. A takardar ofis ko shafin jarida kuwa maganar daban ce.

Tarkon da ke jiran ɗan Najeriya

Wanda ya koyi Turanci daga tsofaffin littattafai zai tarar da “queer” da ma'anar baƙon abu, kuma haka take tun ƙarni na 16. Daga ƙarshen ƙarni na 19 ta zama zagi ga masu neman jinsinsu, wajen 1990 kuma wasunsu suka karɓe ta suka mayar da ita sunan da suke kiran kansu. Yau a Ingila ko Amurka wannan ma'anar ce za a fara ji. Dattijon da ya rubuta cewa maƙwabcinsa “a queer man” ne, yana nufin murɗaɗɗe, ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

“Funny” ma ba kullum ban dariya take nufi ba. In makaniki ya ji “a funny noise” a inji, ko mara lafiya ya ce “I feel funny”, babu abin dariya a wurin. Turawan Ingila har tambaya suke yi, wace “funny” ɗin, ta dariya ko ta al'ajabi? Sai kuma namu na gida. “He is somehow” Turancin Najeriya ne tsantsa, kowa a nan ya gane, amma Bature zai tsaya yana jiran ƙarashen jimlar. “Epileptic power supply” da jaridunmu ke so, a waje ba a saba da ita ba, kuma masu farfaɗiya da danginsu ba sa jin daɗin a mayar da ciwonsu sunan lalacewar wuta. “Erratic” ta wadatar a wurin.

Inda abin ke taɓa mutum

Mai neman aiki ko gurbin karatu a waje ya karanta takardar shaidar da aka rubuta masa da idon basira, musamman in wanda ya saba da salon Ingila ne ya rubuta, domin su a fakaice suke suka. “Original” da “independent-minded” yabo ne. “Unconventional” ta danganta da aikin: a kamfanin zane ko talla tana iya zama alheri, a banki kuwa sai a ɗaga gira. “Quite a character” na iya nufin mutum ne mai daɗin zama, tana kuma iya nufin sai an yi haƙuri da shi. Amma “erratic” in ta bayyana kusa da zuwa aiki ko ƙwazo, takardar ba ta da amfani, gara a nemi wani ya rubuta.

Ga mazauna Turai da Amurka, “driving erratically” na cikin dalilan da ɗan sanda ke tsayar da mota, kuma “acting erratically” kalmomi ne da ke yawan fitowa a rahoton 'yan sanda idan an kira su kan wani mutum. Wanda ke kiran neman taimako saboda ɗan'uwansa ya rikice, gara ya faɗi abin da yake gani ƙarara, ya kuma ambaci ciwon da mutumin ke da shi in akwai, da ya tsaya a siffa ɗaya da za a iya ɗauka ta fuskar barazana.

A asibiti ma rabon nan na gida biyu yana aiki. In likita ya tambayi ko an ga “unusual behaviour”, ba yana tambayar ko majinyacin dama can bauɗaɗɗe ne ba. Sauyi yake nema. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa yana iya fara sambatu ko faɗa ba dalili, haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, haka tsohon da wata cuta ta kama. Abin da ɗan jinya zai faɗa shi ne yadda mutumin yake a da, abin da ya fara yi yanzu, da lokacin da ya fara.